Raɗin Suna A Shekara 40

 

A al'adarmu ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna, a yanka rago, a raba goro, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Sai dai akwai wasu sunayen da ba liman ne ke raɗa su ba, ba a kuma yanka musu ko kaza, amma sun fi sunan yanka manne wa mutum. Daga cikinsu akwai miskili, da mai girman kai, da mai baƙin rai, da gaula, da mai iskoki. Gida ne ke fara kiran yaro da su, unguwa ta karɓa, har ya yi furfura yana amsawa. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan mutumin da ya shekara 40 yana ɗauke da irin waɗannan sunaye, kafin likita ya gaya masa ainihin sunan abin da yake tare da shi tun daga haihuwa. Abin nan shi ne otizim, wanda Faransanci ke rubutawa autisme. Gidajen rediyon Hausa sukan ce masa galahanga, amma da yake wannan kalma a bakin jama'a ta haɗa larurori daban-daban, za mu riƙe ta farko domin kada a rikice.

Telan da ba ya saɓa alkawari

Mutumin ɗan'uwanmu ne, a nan Gider aka haife shi, a nan kuma yake zaune da iyalinsa. Ya yarje mana mu ba da labarinsa bisa sharaɗin mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Tela ne, kuma duk unguwa an shaida ɗinkinsa ba ya karkacewa. In ya ce ka zo ran Laraba, to ran Laraba za ka sami kayanka a ninke, abin da ko su teloli sun san ba kowa ne ke yinsa ba a cikinsu. Awon mutum kuwa, in ya gwada shi sau ɗaya ya zauna masa a ka, ko bayan shekara biyar ne.

Amma fa gaisuwa ba ta cikin aikinsa. Wannan doguwar gaisuwa tamu ta ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya muka ji da zafi, shi amsa guda yake yi mata ya mayar da kai kan keke. In ana biki ko suna a dangi, zai zo ya tsaya a bakin zaure, da zarar an kunna lasifika sai a neme shi a rasa. Ranar kasuwa, lokacin da sauran teloli ke cika aljihu, shi rufe shago yake yi, domin ƙarar babura da hayaniyar mutane suna sa shi ciwon kai har ya kasa zura zare. In yaro ya ɗauke almakashi daga inda ya saba ajiye shi, to aikin wannan yini ya ɓaci. Wata rana wani Alhaji ya kawo masa shadda yana alfahari da tsadarta, ya tambaye shi yadda ya gan ta. Ya murza ta a hannu, ya ce, "Alhaji, an cuce ka." Gaskiya ya faɗa, amma Alhaji bai sake dawowa ba.

Aurensa na fari shekara biyu ya yi ya mutu. Matar ba ta ce ya hana ta ci ko sutura ba, ba ta ce ya taɓa ɗaga mata hannu ba. Kukanta guda ne: ba ya hira, ba ya gane lokacin da ranta ya ɓaci, in ta yi shiru tana jiran lallashi sai ya ɗauka hutawa take yi. Mu da muka zauna sulhu a lokacin, shi muka ba laifi, muka ce girman kai ne. Daga nan aka shiga neman magani. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya, wani ya ce sammu ne daga abokan sana'a. A wani wurin shan magani aka ba shi ƙwayoyin da suka sa shi barci dare da rana, hannunsa na rawa, har ya yi watanni bai taka keke ba. Da ya daina sha, sai ya koma yadda yake, ba ragi ba ƙari.

Allah Ya sa ya sake aure, ya sami mace mai haƙuri da lura. Ɗansu na biyu ya kai shekara 4 bai fara magana ba, in an kira sunansa ba ya waiwaye, sai aka yi zaton kurma ne. Aka ɗauke shi zuwa Garwa, tafiyar kimanin kilomita 100, aka gwada kunne aka ga lafiya lau yake ji. Likitan ya shiga tambaya: yana wasa da yara ko shi kaɗai? Yana jera abubuwa a layi? Yana toshe kunne in an yi ƙara? Yana ƙin wani abinci saboda yadda yake a baki? Goggon uban, wadda ta yi musu rakiya, ta yi dariya ta ce, "Likita, ai wannan ba ciwo ba ne, gado ne. Haka ubansa yake yana yaro." Likitan ya ajiye alƙalami, ya dubi uban, ya ce in za su kai yaron wurin ƙwararre a Yawunde, shi ma ya nemi a duba shi.

Mene ne otizim?

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun mutum yana ciki, kuma yana tare da mai shi har ƙarshen rayuwa. Likitoci suna gane shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce wahalar mu'amala: musayar zance, karanta fuska da murya, gane habaici da zaurance, ƙulla abota da riƙe ta. Ta biyu ita ce maimaita abu guda da tsananin riƙo da tsari: son komai ya tafi yadda aka saba, nutsewa cikin sha'awa guda har a ƙware a kanta fiye da kowa, motsin jiki iri ɗaya kamar kaɗa hannu ko rangaji, da kuma jin ƙara ko haske ko wari ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko ƙasa da haka. Sai fuskokin biyu sun haɗu, sun kuma faro tun ƙuruciya, suna kuma wahalar da rayuwar mutum ta yau da kullum, sannan ake kiran abin da wannan suna.

Masu shi ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ba ya magana sam, yana buƙatar mai kula da shi dare da rana. Akwai kuma wanda ya yi karatu mai zurfi, ya yi aure, yana riƙe da sana'a, wahalarsa a ɓoye take. Ilimin abin ma bai daɗe ba. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana irin waɗannan yara a 1925, amma aikinta ya daɗe ba a kula da shi ba. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa bayanin yara 11, sannan a 1944 Hans Asperger ya yi nasa a birnin Biyana na Austiriya. Shekaru da dama bayan haka, yaran da larurar ta yi wa tsanani kaɗai ake gani. Sai da likitar Ingila Lorna Wing, wadda ita kanta uwa ce ga 'ya mai otizim, ta yi rubutu a 1981, sannan aka fara fahimtar cewa abin yana da faɗi, kuma akwai manya masu magana da basira da suke cikinsa. A 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya haɗe rabe-raben da ake yi a da ƙarƙashin suna guda, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma ya bi wannan hanya. Wani babban ƙiyasi na duniya ya nuna cewa a 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 yana da otizim. Duk wanda ya san yawan jama'ar Mayo-Luti, sai ya yi lissafi da kansa.

Game da sanadi, abin da ya fi ƙarfi shi ne gado. Binciken tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a Ingila a 1977 ne ya fara nuna haka, sannan wani bincike na 2019 a kan yara kimanin miliyan 2 a ƙasashe 5 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na bambancin da ake samu tsakanin mutane a wannan fanni daga gado yake. Wannan ba ya nufin duk mai otizim zai haifi mai shi. Yana dai bayyana dalilin da ya sa sau da yawa ta hanyar ɗa ake gano uba ko uwa. Rashin tarbiyya ba ya kawo shi, sanyin halin uwa ba ya kawo shi, ko da yake an daɗe ana ɗora wa iyaye mata wannan laifi a Turai da Amurka. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Takardar da ta tayar da wannan jita-jita a 1998, mujallar likitoci ta Lancet ta janye ta a 2010, aka kuma soke sunan jagoran marubutanta daga rajistar likitocin Ingila a wannan shekara.

Yadda aka yi binciken

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Mota daga Gider zuwa Garwa, wata motar zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Mu biyar muka tafi: shi, da matarsa, da yaron, da goggo, da mu. Mahaifiyarsa ta ƙi zuwa da farko, za mu faɗi dalili nan gaba.

Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne ba a ɗibi jini domin wannan ba, ba a kuma ɗauki hoton kai ba. Babu gwajin jini ko na'urar da ke nuna otizim. Zance ne da lura da tarihi. A zaman farko likitan ya yi hira da shi shi kaɗai, ya tambaye shi makaranta, sana'a, aure, barci, abinci, abin da ke faranta masa rai da abin da ke tayar masa da hankali. Ya ba shi takardar tambayoyi ya cike. Irin waɗannan takardu, kamar mai tambaya 50 da aka tsara a Jami'ar Kambirij a 2001, manuniya ce kawai, ba su yanke hukunci, kuma wanda ya cike irinsu a intanet kada ya ɗauka ya gama. Bayan haka sai aka shiga tace sauran abubuwan da ke iya kama da shi: raunin ji, farfaɗiya, damuwa mai tsanani, taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi, da kuma illar da sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa kan bari. A yankinmu, inda sanƙarau ya sha yin ɓarna a lokacin zafi, wannan tambaya tana da nauyi. Ya fito ya ce mana, "Baffa, yau ne karo na farko da aka tambaye ni abin da nake ji. Kullum tambayata ake yi me ya sa na yi."

A zama na biyu aka kira matarsa. Ta faɗi abin da ta lura da shi a shekarun zamansu: in za a yi baƙi sai ta gaya masa tun jiya, in ba haka ba ya rasa sukuni, in tana son abu sai ta faɗa a fili, domin hannunka mai sanda ba ya aiki a wurinsa, in ya dawo daga taron jama'a sai ya shiga ɗaki ya kashe fitila ya yi shiru kamar wanda ya yi noma. Ta ce, "Likita, ni na san Malam ba mugu ba ne. Abin da ban sani ba shi ne ko da gangan yake yi."

Zama na uku shi ne ginshiƙin aikin duka, domin likitan ya ce ba zai iya cewa komai ba sai ya san yadda mutumin yake yana ɗan shekara 4 zuwa 5. A ƙasashen da ke da tsari, akwai kundin asibiti da rahoton makarantar renon yara da za a duba. Mu nan ba mu da ko ɗaya. Kundinmu shi ne tsofaffinmu. Goggo ta faɗi abin da ta tuna: bai yi magana da wuri ba, ba ya shiga wasan langa da sa'o'insa, yini yake yi yana jera marafan kwalba bisa launi, a makarantar allo ya riga kowa hadda amma in malam ya sauya masa wurin zama sai ya yi ta kuka har a tashi. Amma goggo ba ita ta goya shi ba, akwai tambayoyin da uwa kaɗai ke da amsarsu.

A nan ne muka gamu da abin da littattafan Turawa ba su sani ba. Shi ɗan fari ne. Mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zancensa a gaban mutane, balle ta zauna gaban baƙon namiji tana ba da labarin goyonsa. Kunyar ɗan fari ce ta hana ta tafiya. Da muka bayyana wa likitan, sai ya yarda a yi ta waya, goggo tana tambaya da Hausa, Inna tana amsawa daga Gider, ana mayar wa likita da Faransanci. Ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba, "yaron nan" take cewa. Amma ita ce ta faɗi cewa yana jariri ba ya miƙo hannu a ɗauke shi, ba ya nuna mata abu da yatsa domin ta gani, kuma in ta goya shi zuwa gidan biki sai ya sandare har ta fito. Shekara 40 tana riƙe da wannan a ranta, ba wanda ya tambaye ta.

Akwai wani darasi kuma. Likitocin Turai suna lura da ko mutum yana haɗa ido da mai yi masa magana. A wurinmu yaron kirki ba ya kallon babba ido cikin ido, mace mai kunya ba ta yawan magana gaban baƙo, Fulani maƙwabtanmu kuma suna yaba wa mai ɓoye abin da ke ransa. Saboda haka likitan da bai san al'adarmu ba yana iya ganin larura inda tarbiyya ce, mu kuma muna iya ganin tarbiyya inda larura ce. Tambayar da ta dace ita ce yadda mutum yake da sa'o'insa da abokan wasansa, inda ba kunya a tsakani. A zama na ƙarshe likitan ya tara mu ya ce abin da ya gani otizim ne, ba tare da raunin basira ba, tare da damuwar da ta taru a kansa saboda shekarun da ya yi yana ƙoƙarin zama kamar kowa.

Me ya sa ake makara?

Dalili na farko shi ne lokacin da manyanmu na yau suke yara, ko a Turai ba a san wannan nau'i ba. Josef Schovanec, wanda aka haifa a Faransa a 1981, bai yi magana ba sai yana ɗan shekara 6. Da ya girma aka ɗauka taɓin hankali ne, aka ɗora shi a kan magunguna masu nauyi na tsawon shekaru, kafin a gano otizim ne yana da shekara 22. Ya yi digirin digirgir a falsafa, yana jin harsuna da dama, kuma a 2017 ya miƙa wa gwamnatin Faransa rahoto a kan samar wa manya masu otizim aikin yi. Susan Boyle, mawaƙiyar Sikotland da ta yi suna a 2009, tun tana yarinya aka gaya mata ƙwaƙwalwarta ta sami rauni wajen haihuwa. Sai da ta haura shekara 50 aka gano gaskiyar lamarin, ta kuma bayyana wa duniya a 2013. In haka ta faru a ƙasashen da likitoci suka yi yawa, ina ga mu?

Dalili na biyu shi ne ƙarancin ƙwararru. A Kamaru fitattun sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna asibitin Jamot na Yawunde da asibitin Laquintinie na Duwala, nesa da mu ƙwarai. Ɗan abin da ake yi a kan otizim kuma, kamar aikin cibiyar Orchidée Home ta Duwala, ya fi karkata ga yara. Muna fata tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Garwa, jami'ar da aka kafa a 2022, za ta yaye mana 'ya'yan da suka san harsunanmu da al'adunmu, su kuma juyo ga wannan fanni.

Dalili na uku ya shafi mata. An daɗe ana cewa maza 4 ake samu a kan mace 1, amma nazarin da aka yi a 2017 ya nuna abin ya fi kusa da 3 a kan 1, wato akwai matan da ake tsallakewa. Mata da yawa suna koyon kwaikwayon sauran mata, su haddace abin da ake faɗa a gidan suna da gidan makoki, su dawo gida a gajiye liƙis. Yarinyar da ba ta magana mukan yabe ta da kunya, har ranar da aka kai ta gidan miji mai yawan jama'a, da kishiya da facaloli da dangin miji, sannan a fara cewa ba ta son mutane, ko ba ta iya zama da kowa ba. Sakin aure nawa aka yi a kan wannan, Allah ne Masani.

Abin da sunan ya kawo

Kada mu yaudari kowa. Ba a dawo da maganin warkewa daga Yawunde ba, domin babu ƙwaya ko allura ko saiwar da ke cire otizim, kuma duk wanda ya ce yana sayar da ita kuɗinku yake so. Magani yana amfani ne ga abin da kan zo tare da shi, kamar farfaɗiya, rashin barci ko damuwa, shi ma da umarnin likita. Ɗan'uwanmu yana nan yadda yake. Makonnin farko ma baƙin ciki ya yi, yana tuna aurensa na fari da dukan da ya sha a makaranta, yana cewa da an sani tun da wuri.

Abin da ya sauya shi ne gidan. Ya mayar da kekensa wani ɗaki a cikin lungu, nesa da titi, ya ɗauki yaron da ke tarbar masu kawo ɗinki, shi ya tsaya ga yanka da ɗinki. In ana biki yakan zo da sassafe ya gaida masu gida, ya ba da gudummawarsa, ya tafi kafin a fara kiɗa, kuma an daina aika masa saƙon cewa ya yanke zumunci. Matarsa ta sami amsar tambayarta. Yaron kuwa, ubansa ne ya fi kowa gane abin da ke damunsa, domin ya bi hanyar. Wata rana Inna ta aiko masa da dambun da yake so tun yana ƙarami, ta ce a gaya wa yaron nan ta yafe masa, shi ma ya yafe mata. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, amma kowa ya gane abin da take nufi.

Ba kowa ne ya kamata a gaya wa ba. Sirrinsa ne, shi ke da ikon zaɓen wanda zai sani. Sai dai a wajen neman aure muna ganin gara a faɗa, domin wadda ta shiga da saninta ta fi wadda za ta gano daga baya kwanciyar hankali. Ga wanda larurar ta yi wa nauyi har ta hana shi neman abinci, dokar Kamaru mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010, wadda ta shafi kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta tanadi katin shaida da wasu sauƙaƙe-sauƙaƙe. Ana farawa ne daga ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa, da takardar likita a hannu.

Shawararmu

Ga wanda ya karanta wannan ya ga kansa ko wani nasa a ciki, kada ya yi gaggawar yanke hukunci. Ba kowane mai shiru-shiru ne ke da otizim ba, kuma ba ma so wannan kalma ta zama sabon sunan tsokana a bakin yara. A fara da likitan da ke kusa, a nemi ya tura ga ƙwararre. Kafin tafiya a rubuta abin da ke wahalar da mutum da misalansa, da duk maganin da ya taɓa sha. A tanadi mai fassara amintacce in Faransanci bai zauna ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, zuwa asibiti ba ya hana addu'a. Abin da muke roƙo a bari shi ne duka, da ɗauri, da hayaƙin da ke shaƙe mutum da sunan fitar da abin da ba ya jikinsa.

Mafi muhimmanci, a je wurin tsofaffi tun suna raye. A zauna da uwa, da goggo, da yayar da ta yi goyo, da malamin allo in yana nan, a tambaye su yadda mutum yake yana ƙarami, a rubuta ko a naɗa a waya. Da Inna ta riga mu gidan gaskiya kafin wannan tafiya, da rabin shaidar ya tafi tare da ita.

Yaro na farko a cikin 11 ɗin da Kanner ya bayyana shi ne Donald Triplett, ɗan wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi. Ya girma a garinsu, ya yi aiki a bankin garin shekaru masu yawa, yana tuƙa motarsa, yana tafiye-tafiye ƙasashe, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Waɗanda suka bi tarihinsa sun ce babban abin da ya taimake shi shi ne mutanen garin sun san halinsa, sun karɓe shi a matsayin nasu. Wannan ba ya buƙatar jirgin Ngaundere, ba ya buƙatar ko sefa ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Katar a 2007, ta ware ranar 2 ga Afrilun kowace shekara domin wayar da kai a kan otizim. Muna kira ga shugabannin ƙungiya da malaman makarantunmu da su yi amfani da ranar su gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji.

Mu da muka zauna sulhun nan shekarun baya muka ce girman kai ne, mun je mun nemi afuwarsa. Ya saurare mu har muka gama, ya ce ba komai, sannan ya ce wuyan rigar da ke jikinmu ya karkace, mu kawo ya gyara ran Laraba.

Allah Ya ba mu ikon fahimtar juna, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.